Idan Hukuma Ta Shafa wa Gidanka Jan Fenti

Yau maganarmu a kan gida ce, kuma da masu gida za mu yi ta: magidancin da ya shekara goma yana tara bulo kafin ya rufa wa iyalinsa asiri, da uwar marayun da ke riƙe da gidan da mijinta ya bari, da magadan da suka haɗu a kan gidan kakanni, da mai gidan haya. Duk mazaunin Kano ko Kaduna ko Abuja ya san alamar nan da ake wayar gari a gani a jikin katanga, an zana ta da jan fenti, an rubuta sunan hukuma da kwanan wata, wani lokaci har da takarda liƙe a ƙofa. Wannan alama tambaya biyu take yi wa mai gida. Ta farko a kan rai ce: shin ginin nan zai iya kashe mutum? Ta biyu a kan haƙƙi ce: shin hukuma na da hurumin taɓa shi, kuma me za ta biya idan ta taɓa? Abin da shirinmu zai tsaya a kai shi ne, tambayar rai ana amsa ta nan take, ko hukuma ta yi adalci ko ba ta yi ba, tambayar haƙƙi kuwa ana amsa ta da takarda, kafin wa'adi ya cika.

Mu fara da abin da aka saba yi. Wani da ya ga alamar sai ya sayo fenti ya shafe ta kafin maƙwabta su fito. Wani ya bazama neman wanda ya san wani a ofis. Wani ya ja ma'aikaci gefe ya damƙa masa na goro. Wani kuma ya yi shiru, ya ce ai sun saba, za su manta. Duk waɗannan hanyoyi alamar suke gusarwa, ginin yana nan yadda yake. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faaji da ke tsibirin Legas, alhali akwai makarantar yara a samansa, mutum kusan 20 suka rasu, da yawansu ƙananan ɗalibai. Bayan faruwar abin, jami'an jihar da kansu suka bayyana cewa tun kafin ranar an riga an yi wa ginin alamar rusau. Ke nan an san haɗarin, an rubuta shi a jikin bango, aka ci gaba da karɓar kuɗin haya, yara suka ci gaba da hawa matakala kowace safiya. Hukumar da ta yi alama ta juya baya tana da nata alhakin, wanda ya ga alama ya bar mutane a ciki shi ma yana da nasa.

Saboda haka aikin farko shi ne karanta takardar da kyau, ko a kai wa wanda zai karanta ya fassara ta dalla-dalla, domin takardun ba iri ɗaya ba ne. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta bambanta takardar dakatar da aiki da takardar sanar da saɓa ƙa'ida da kuma takardar rusau. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, tsara birane ya tabbata a hannun jihohi, shi ya sa a Kano hukumar KNUPDA ce ke wannan aiki, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar babban birnin tarayya. Dalilan da ke jawo alama ba sa wuce huɗu. Ko dai an yi gini babu izini, ko an saɓa wa zanen da aka amince da shi, kamar a ƙara hawa ko a fasa shaguna a gidan zama. Ko gini ya hau kan titi, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babban layin wuta. Ko ginin ya lalace har ya zama barazana. Ko kuma gwamnati ce ke son filin don wani aiki na jama'a. Kowane dalili da maganinsa daban, kuma wanda bai san wanne ne nasa ba zai ɓata kuɗi da lokaci a ƙofar da ba tasa ba.

To, bari mu ɗauki tambayar rai. Kafin kowa ya zo, mai gida zai iya zagaya gidansa da idon basira. Tsagewar da ke kan fulasta kawai, siririya kamar gashi, yawanci ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ana ganinta ciki da waje, kuma tana ƙara buɗewa. A ja layi da biro a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan mako a duba ko ta wuce layin. A lura da ƙofar da a da take rufuwa lafiya, yanzu sai an dafa ta da kafaɗa. A ɗaga kai a dubi rufin kankare: idan ya yi ciki, ko kankare yana ɓarewa har ana hango rodi ya yi tsatsa, ko garin siminti na zubowa a kan gado, to magana ta wuce fenti. A gidan ƙasa kuma a dubi gindin katanga, inda danshi da gishiri ke cinye ta har ta rame daga ƙasa, a dubi indararon da ya toshe ruwa ke kwana a kan soro, a dubi azarar da gara ta cinye cikinta. Yaɓen siminti a kan ginin ƙasa kan ɓoye ruɓewa, waje sumul, ciki kuwa ya jiƙe ya saki. Duk inda aka ga irin waɗannan alamu, ballantana a tsakiyar damina, a kwashe mutane daga ɗakin a daren nan, sauran bayani ya biyo baya.

Daga nan sai a nemo injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, wadda ita ce ke tantance injiniyoyi a Najeriya. Birkila da kafinta suna da iliminsu, kuma ba a raina shi, amma lissafin nauyin da ginshiƙi da harsashi za su iya ɗauka aikin injiniya ne. Shi zai tona gefen fandisho ya ga zurfinsa, ya gwada ƙarfin kankare da na'ura, ya duba kaurin rodi, sannan ya rubuta rahoto ya buga hatiminsa. Wannan rahoto yana da amfani ta kowace fuska. Idan ginin lafiya yake, ga hujjar da za a ajiye a gaban hukuma ko kotu. Idan gyara yake buƙata, rahoton zai faɗi inda za a ƙarfafa, ko hawan da za a sauke, musamman a gidajen da aka yi wa harsashin gida na ƙasa sannan daga baya aka ɗora musu bene. Idan kuwa ya ce ginin ya gama yawo, to ya fi wa mai gida ya sauke abinsa da hannunsa, da izinin hukuma. Mai sauke gininsa a tsanake yana tsira da kwanon rufi da katako da ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta. Wanda ya jira katafila kuwa ɓaraguzai zai kwasa, kuma dokar 1992 ta ba hukuma damar karɓar kuɗin aikin rusau daga wurinsa. A Legas ma dokar jihar ta 2010 ta tanadi cewa filin da gini ya rufta a kansa saboda sakaci gwamnati na iya ƙwace shi.

Akwai wuraren da ingancin gini ba ya cetonsu, domin matsalar a wurin take. Ƙa'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ware faɗin mita 50 ga layin da ke ɗauke da kilovolt 330, wato mita 25 ta kowane gefe, da mita 30 ga layin kilovolt 132. A watan Afrilun 2017 babbar wayar wuta ta tsinke ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, matasa suka mutu suna cikin kallon wasa. Haka abin yake ga hanyar ruwa. Wanda ya cike kwari ko ya ɗora shago a kan lambatu a lokacin rani yana ganin ya ci riba, amma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan da ya rasa hanyarsa gidan maƙwabci zai shiga, ya jiƙa gindin katangu, a wayi gari unguwa guda tana kwasar kaya. Mai gidan da ke irin wannan wuri, abin da ya dace ya nema shi ne isasshen lokacin tashi, da taimakon sake matsuguni, da bin haƙƙinsa a kan wanda ya sayar masa da filin.

Yanzu sai tambayar haƙƙi, kuma a nan takarda ce makami. A ɗauki hoton alamar da na takardar a ranar da aka gan su. A haɗa fayil guda: takardar cinikin fili, takardar mallaka ko ta rabon fili, zanen gini da aka amince da shi, rasiɗin harajin ƙasa, da rahoton injiniya. A je ofishin hukumar ido da ido, domin a tabbatar cewa daga can takardar ta fito, tunda akwai 'yan damfara da ke yawo da gwangwanin fenti. A rubuta amsa, a faɗi abin da aka yarda da shi da abin da ake jayayya a kai, a nemi a bayyana ƙa'idar da aka saɓa, a roƙi lokacin gyara idan ana buƙata. A kai kwafi biyu, a tsaya har a buga wa ɗaya tambarin karɓa da kwanan wata, a dawo da shi gida. Alkawarin baka da wani jami'i ya yi a bakin ƙofa ba ya tsayar da katafila, domin gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki. Kuma a kula da wa'adi: a dokar 1992 wa'adin takardar rusau ga ginin da ke da haɗari bai wuce kwana 21 ba, jihohi kuma kowace da nata tsarin. Idan laifin rashin izini ne kawai, kuma ginin na da inganci bai tare wa kowa hanya ba, sau da yawa akan ba da damar gabatar da zanen ginin yadda yake, a biya tara, a daidaita takardu.

Idan kuma gwamnati ce ke son filin, to a san cewa doka ta gindaya mata sharuɗɗa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don maslahar jama'a, amma sai da sanarwa ga mai fili, sashe na 29 kuma ya wajabta biyan diyyar abin da aka gina a kai. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai da biyan diyya ba tare da jinkiri ba, tare da ba shi damar zuwa kotu. Masu gidajen gado na cikin birni su saurara da kyau: sashe na 34 na dokar 1978 ya ɗauki wanda ke da ginannen gida a birni tun kafin dokar a matsayin mai halattacciyar mallaka, ko da bai taɓa karɓar takardar gwamna ba. Amma wanda ya sayi filin awon igiya a bayan gari da takardar dillali da sa hannun mai unguwa, ya sani cewa wannan takarda shaidar ciniki ce, tana nuna ya biya kuɗi, ba ta nuna hukuma ta amince a yi gini a wurin ba. Tun ran gini tun ran zane. Kafin a zuba tipar yashi ta farko, a je ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika matsayin wurin.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa: malam, wace doka kake faɗa, alhali ana rushe rumfar talaka a bar benen mai uwa a gindin murhu, kuma gwamnati ɗaya ta ba da fili, wata ta zo ta rushe? Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma wanda ya musa shi bai san garin ba. Sai dai mu dubi abin da ya faru a Kano. A watan Yunin 2023 gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a kewayen Filin Idi. Masu shagunan suka haɗa kai suka tafi Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba kotu ta umarci gwamnati ta biya su naira biliyan 30, daga baya a watan Disamba ɓangarorin biyu suka yi sulhu a kan naira biliyan 3. Kowa na da ra'ayinsa a kan dacewar ginin da dacewar rushewar, kuma ba wannan ne zancenmu ba. Darasin shi ne, mutanen da suka riƙe takardunsu, suka tsaya tare, suka bi ta kotu, sun sa gwamnati ta zauna teburin sulhu da su. Rashin adalcin hukuma dalili ne na ƙara riƙe takarda da hanzarta zuwa wurin lauya, domin wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati doka ta ƙayyade musu wata 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ko hukumar karɓar koke-koken jama'a. Kuma ko da hukuma ta zalunce ka wajen zaɓen gidan da ta yi wa alama, hakan bai ƙara wa ginshiƙinka ƙarfi ba.

Wani kuma zai ce sallamar ma'aikaci ta fi sauƙi da arha. A ranar farko haka take. Amma wanda aka ba yau zai dawo baɗi, ko ya turo abokinsa, domin gidan ya zama gonarsu. Fayil ɗinka na nan a ofis da laifinsa, kuma ranar da sabon shugaba ya zo da shirin rusau, ba ka da rasiɗin da za ka nuna. Kuɗin da aka ɓatar a wannan hanya cikin shekaru da yawa kan isa a biya tara ta halal a karɓi izini na dindindin. Mafi muni, idan ginin na da haɗari da gaske, to abin da aka saya da kuɗin nan shi ne a bar iyalinka su ci gaba da kwana a ƙarƙashinsa.

Uzuri mafi nauyi shi ne na talauci. Mutumin da ke neman abin sawa a baki, ina ya ga kuɗin injiniya, kuma idan ya fita ina za shi da 'ya'ya takwas? Wannan magana ce mai zafi, kuma a kanta muke kira ga gwamnatoci da babbar murya: duk hukumar da za ta ce wa talaka ya fita, wajibi ne ta duba masa ginin kyauta ko a farashi mai rahusa, ta ba shi wa'adi na hankali, ta tanadi wurin da zai fake. Amma kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ba kullum ne gida duka ke lalacewa ba. Sau da yawa ɗaki ɗaya ne ko katanga ɗaya, kuma rufe ɗakin a matsu a sauran ba ya cin ko kwabo. Fasa indararo, gyara famfon da ke yoyo a gindin bango, da janye ramin masai daga jikin katanga ƙananan ayyuka ne masu tsawaita ran gida. Maƙwabtan da alama ta shafa tare suna iya haɗa kuɗi su ɗauki injiniya ɗaya da lauya ɗaya. Gidan gado kuwa, wanda ke zama kango saboda kowane magaji na jiran ɗan'uwansa ya fara gyara, maganinsa a zauna a gaban alƙali ko dattawa, a raba, ko a sayar, ko a wakilta mutum ɗaya a rubuce.

Sai masu cewa rai da ajali na Allah ne, gidan nan tun kakanni yake tsaye. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya hana cuta da cutarwa, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan katangar da ta karkata: idan aka gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya sami lokacin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa ta kashe mutum ko ta ɓata dukiya, to lamuni na kansa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis mai suna Ibnur Rami ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini da haƙƙin maƙwabtaka. A ƙasar Hausa ma akwai sarkin magina, kuma dattawanmu na tuna zamanin duba-gari. Kakannin da suka gina gidan kowace shekara sai sun yi masa yaɓe kafin damina, shi ya sa ya kai gare mu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, rayuka 22 suka salwanta, akasarinsu ɗalibai. Babu iyayen da za su yarda a ce musu ba laifin kowa ba ne.

Kalma ta musamman ga masu gidajen haya. Ɗan haya amana ne a hannunka, kuma yana da haƙƙin sanin abin da hukuma ta rubuta a kan rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa. Faɗa masa a ranar da takarda ta zo, ka mayar masa da ragowar kuɗin hayarsa idan tashi ya kama, domin ya sami abin kama wani wuri. Haka nan wanda ya shafe alama ya yi wa gida kwalliya ya sayar wa bayin Allah bai faɗa musu ba, ya yi ha'inci a shari'a, ya yi zamba a doka, kuma duk ran da ya salwanta a gidan yana da kaso a alhakinsa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Roƙonmu ga kowane mai gida shi ne, kada ka jira sai an zo. A makon nan ka zagaya gidanka ciki da waje, ka duba gindin katanga da rufi da hanyar ruwa, ka tattara takardunka wuri guda, ka ajiye kwafinsu a wani gidan. Idan takardar hukuma ta riga ta iso, ka fitar da iyali daga inda ake shakka, ka kira injiniya, ka amsa a rubuce kafin wa'adi ya cika, ka nemi lauya idan an taka haƙƙinka. Ku kuma jami'an hukuma, ku ji tsoron Allah, ku yi wa mai ƙarfi da mara ƙarfi awo da mudu ɗaya. Allah Ya tsare mana rayukanmu da muhallanmu.